GIDAN WA AKE NUNAWA? MAGANA A KAN ADALCI DA SUTURA A FINA-FINAN IYALI



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicce mu daga namiji da mace. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da iyalan gidansa, da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan'uwa, na sani da yawanku in kun ga malami ya ɗauko maganar fim, kun riga kun san inda za a dire: rawa da waƙa, cakuɗuwar maza da mata, shigar da ba ta dace ba. Waɗannan matsaloli ne na gaske, malamai sun shafe fiye da shekara ashirin suna magana a kansu, ni ma matsayina a kansu bai canja ba. Amma yau wata tambaya ce daban nake so mu zauna a kanta, wadda ban cika jin ana yin ta a kan mumbari ba.

Idan mutum ya ɗauki kyamara ya ce zai nuna wa duniya gidan Bahaushe, miji da mata, kishiyoyi, surukai da 'ya'ya, shin mutanen da ya ce yana nunawa suna da wani haƙƙi a kansa? Wanda aka bari a waje ba a taɓa nuna shi ba, da wanda aka shigo da shi don kawai a yi masa dariya, an zalunce su ne, ko kuwa wasa ne babu komai?

Kada wani ya ce wannan ba damuwar mutumin Rabah ba ce. Ka shiga kasuwa a nan, ko Wurno, ko Goronyo, ka tsaya a rumfar masu cajin waya ka ga yadda ake tura fina-finai a memori. Daga nan wayar za ta shiga ƙuryar ɗakin amarya, inda ni da nake wa'azi ban isa in shiga ba. Akwai matar da a mako guda awannin da take yi tana kallon zaman auren wasu a waya sun ninka waɗanda take yi tana sauraren karatu. To abin da ke koya wa 'ya'yanmu mene ne aure, dole mu tambaye shi me yake koyarwa, kuma da gidan wa yake buga misali.

INDA AKA FITO

A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ƙirgawa a matsayin fim ɗin Hausa na farko da aka yi a kaset don sayarwa. Kafin shekara goma sana'ar ta bunƙasa, fina-finai irin su Sangaya suka shiga kowane lungu, har aka raɗa wa harkar suna Kannywood. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan yadda fina-finan Indiya, waɗanda aka daɗe ana nunawa a gidajen silima na Arewa, suka zama madubin da masu shirya namu suka riƙa dubawa: saurayi ɗaya da 'yammata biyu, auren dole, sai waƙa a cikin lambu. A lokacin 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai ne ke da ta cewa, domin su ke saye su rarraba. Abin da suka ga yana tafiya, shi za a sake yi.

Bayan dawo da shari'a, gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. Har yau tana aiki, ko a watan Mayun 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22 a kan batun kai su tacewa kafin a sake su. Amma ku lura da wani abu. Hukumar tacewa tana iya yanke abin da aka nuna wanda bai dace ba. Ba ta iya dawo da mutumin da tun farko ba a sa shi a cikin labarin ba. Wannan ba ya cikin aikinta, yana kan imanin mai rubutawa da mai shiryawa.

Yanzu kuma kaset da faifai sun mutu. Fina-finai irin su Izzar So da Labarina a YouTube da talabijin ake bin su mako-mako. Duk saurayin da ke da waya mai kyau da abokai biyar zai iya shirya nasa ya ɗora, ba ya jiran izinin ɗan kasuwa. Uzurin da ake bayarwa a da, cewa masu kuɗin Kano ne suka hana, ya ragu ƙwarai. Shi ya sa tambayar ta dawo kanmu.

ABIN DA AKE NUNAWA DA ABIN DA MUKE CIKI

Ku rufe ido ku tuno gidan da kuka fi gani a fim. Katafaren ƙyaure, maigadi, motoci a jere, falo mai kujerun alfarma, teburin cin abinci. Alhaji yana da kamfani, ɗansa ya dawo daga karatu a Landan ko Dubai, 'yammata biyu suna neman kashe juna a kansa. Hajiya kuma tana waya da boka.

Yanzu ku buɗe ido ku dubi gidajen da ke kewaye da mu. Magidanci ya sammako fadama tun asuba, yana ban ruwan albasa ko tafarnuwa ko shinkafa a bakin gulbin Rima. Wani da an gama girbi ya ɗaure jaka ya tafi cin rani Ikko ko Ibadan, ya bar mata da yara huɗu da ɗan abin da ya rage a rumbu, ba za a sake ganinsa ba sai hadari ya fara haɗowa. Wata tana takaba, wata huɗu da kwana goma, tana da shekara ashirin da 'yan kai, saboda mijinta ya je kasuwar Goronyo ranar da 'yan bindiga suka afka mata a watan Oktoban 2021 bai dawo ba. Wasu iyalai tun harin Tabanni na watan Yulin 2018 suka san abin da ake kira gudun hijira, suka kwana a azuzuwan makaranta a Gandi, inda miji da mata ba su da ko labulen da zai raba su da idon jama'a. Akwai kaka da ke riƙon jikoki marayu da kuɗin ƙuli-ƙuli. Akwai makaho mai mata da 'ya'ya, gidansa ya fi na masu ido da yawa zaman lafiya. Akwai kishiyoyin da suka shekara talatin tare, in ɗaya ta haihu ɗayar ce ke mata wankan jego.

Waɗannan duk gidajen Musulmi ne. A cikinsu akwai so, da kishi, da haƙuri, da saɓani, da sulhu, duk abin da mai labari yake nema. Amma sau nawa kuka gan su?

Ba na cewa babu wanda ya yi ƙoƙari, adalci ne a faɗa. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya nuna unguwar talakawa, da mai shayi, da malamin tsangaya, da maƙwabtan da ba Musulmi ba, da waɗanda rikici ya koro, kuma mutane suka karɓe shi hannu biyu. Tun kafin nan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kwikwiyo, labarin matar da miji ya kora da 'ya'yanta, aka kuma mayar da shi fim. Waɗannan sun isa hujja cewa mai kallo ba ya gudun ganin kansa. Sai dai su ne 'yan kaɗan.

ZALUNCI IRI UKU

A fahimtata, ana tauye mutane a cikin labari ta hanya uku.

Ta farko ita ce shafewa. A yi kamar babu kai. Wani zai ce, to mene ne a ciki, ai ba a zage ka ba. Ku tambayi yarinyar da ta tashi a ƙauye tana kallon auren falo shekara goma, sannan aka kai ta ɗakin ƙasa mai gado ɗaya da 'yan kwanonin jere. Mijinta mutumin kirki ne, yana ciyar da ita da guminsa, amma a zuciyarta an riga an rubuta cewa wannan ba shi ne aure ba, aure yana can wani wuri. Saurayin ma haka, yana ganin shi ba namiji ba ne tunda ba shi da makullin mota da zai miƙa. Annabi (S.A.W) ya yi mana wasiyya, a hadisin da Muslim ya ruwaito, mu riƙa duban na ƙasa da mu a sha'anin duniya domin kada mu raina ni'imar Allah. Wayar da ke hannunmu kullum sama take ɗaga mana kai. Raina ni'ima kuwa yana daga cikin abubuwan da ke cin aure a hankali kamar gara.

Ta biyu ita ce izgili. A shigo da kai, amma a matsayin abin dariya. Mutumin ƙauye a fim kusan kullum wawa ne, ya ga fanka ya ruga. Bafulatani ko dai sakarai ne da ake cuta a kasuwa, ko kuma yanzu ɗan ta'adda. Gurgu da makaho da mai in'ina, an kawo su ne don a ƙyalƙyace. Mu kuma nan mun san namu rabon: da zarar an ji mutum ya ce "lahiya lau" ko "mi ya hwaru" ko "munka tahi", to an san mai barkwanci ya shigo, ko maigadi, ko ɗan dako. Da wuya ka ga an ba mai Sakkwatanci matsayin miji mai hankali da ke lallashin matarsa, ko uba mai hikima, ko likita. Alhali da wannan Hausar aka rera waƙoƙin wa'azin da suka karantar da ƙasar nan tun zamanin Shehu Usmanu. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance. A Rabah aka haifi Sardauna Ahmadu Bello. Yau jikokinsu na jin kunyar buɗe baki a Kano ko Abuja don kada a kwaikwaye su.

Ku buɗe Suratur Rum ku duba wani abin mamaki. Aya ta 21 ita ce wadda ake karantawa a kowane ɗaurin aure, inda Allah Ya ambaci natsuwa da ƙauna da jinƙai tsakanin ma'aurata a cikin ayoyinSa. Ayar da ke biye da ita kai tsaye, ta 22, ta ƙirga bambancin harsunanmu da launukanmu a cikin ayoyinSa. Suna jere, babu komai a tsakaninsu. Wanda ya ce yana girmama ta farko a fim ɗinsa, sannan ya mayar da ta biyu abin dariya, bai karanta shafin har ƙasa ba. Suratul Hujurat kuma a aya ta 11 ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili, ta hana kiran juna da sunayen banza, a aya ta 13 ta bayyana cewa an sanya mu dangogi da ƙabilu ne don mu san juna.

Maganar Bafulatani kuwa ta wuce dariya, ta kai ga jini. A yankinmu akwai gidaje da yawa da uba Bafulatani ne uwa Bahaushiya, ko akasin haka. Yau irin wannan gida yana tsakiyar wuta, ɓarayin daji na zarginsa, 'yan sa-kai na zarginsa. Duk labarin da ya ƙara cusa wa yaro cewa mai sanda da rawani irin wancan maƙiyi ne, ya ƙara itace a wutar. Wanda ya nuna irin wannan gida da gaskiya, da tsoron da matar ke kwana da shi, da 'yan'uwan da suka daina gaisawa, wallahi zai iya yin abin da taron sulhu goma bai yi ba.

Ta uku ita ce a taƙaita ka a kan ciwonka. Wannan ya fi zuwa daga waɗanda ke kallonmu daga nesa. A 2014 an yi fim mai suna Dry a kan aurar da ƙananan yara da ciwon yoyon fitsari. A 2020 an yi The Milkmaid da Hausa, a kan 'yammatan Fulani da masu tayar da ƙayar baya suka sace, har Najeriya ta tura shi gasar Oscar. Ciwukan da suka taɓo na gaske ne, duk wanda ya taɓa leƙa sashen masu yoyon fitsari a asibiti ba zai musa ba. Amma idan duk abin da duniya ta sani game da matar Arewa shi ne kuka, to ita ma an tauye ta. Tana dariya, tana sana'a, tana karatu, tana son mijinta, tana da ra'ayi. Kuma kafin mu zargi na nesa, mu tambayi kanmu: da muka bar labarin a ƙasa, wa muke jira ya ɗauka?

Mu Musulmi mun fi kowa sanin zafin wannan. Wani marubuci Ba'amurke ɗan asalin Labanan, Jack Shaheen, ya fitar da littafi a 2001 bayan ya bi fina-finan Amurka sama da 900, ya nuna yadda aka daɗe ana fito da Balarabe a matsayin mugu, ko ɗan ta'adda, ko attajiri mai kwaɗayin mata. Duk mun yi Allah wadai. To abin da muka ƙi a yi mana a can, don me muke yi wa ɗan ƙauyenmu a nan?

"MALAM, AI ƘIRƘIRA CE"

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce fim ba shaida ba ne a gaban alƙali, labari ne aka ƙaga, kowa ya san ba gaskiya ba ne.

Labari ɗaya, na yarda. Amma idan aka yi fim ɗari, a cikin kowanne kishiya mayya ce, uwar miji azzaluma ce, matar uba makira ce, to an daina ƙaga labari, an koma yanke hukunci a kan jinsin mutane. Yarinya za ta shiga gidan miji da garkuwa a hannu tun kafin kowa ya ce mata uffan. Matar da mijinta zai ƙara aure za ta ga babu abin da ya rage mata sai boka, don ba a taɓa nuna mata wata hanya ba. Allah Ya umarce mu a Suratun Nisa'i aya ta 135 da tsayuwa da adalci a wurin shaida ko da a kan kawunanmu ne. Mai ba da labarin mutane ga miliyoyin masu kallo yana ba da wata irin shaida a kansu, ko ya nufa ko bai nufa ba.

Wani kuma zai ce, talaka ya gaji da wahala, yana so ya huta ya ga daula, don me za ka dawo masa da abin da ya baro a gida? Wannan maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ban ce a haramta nuna gidan mai kuɗi ba, shi ma gida ne. Amma hutun da za ka tashi daga gare shi kana ƙin matarka da ɗakinka, wane irin hutu ne? Akwai wata natsuwa da mutum ke samu idan ya ga an ɗauki irin rayuwarsa da daraja, ya gane ashe ba shi kaɗai ba ne, ashe abin da yake ɗauke da shi ya isa a ba da labarinsa.

WA WAHAYI YA SAURARA?

Ku dubi irin gidajen da Alƙur'ani da Sunna suka tsaya a kansu. Khaulatu 'yar Sa'alaba mace ce da ta manyanta, ba ta da dukiya, mijinta Ausu ɗan Samit ya furta mata kalmar zihari cikin fushi. Ta zo tana jayayya da Annabi (S.A.W) a kan makomarta da ta 'ya'yanta. Allah Ya saukar da sura sukutum da aka sa wa suna daga wannan jayayya tata, Suratul Mujadala. Suratu Abasa ta sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, a lokacin da ake zance da manyan Ƙuraishawa.

Bukhari ya kawo labarin Barira, baiwar da aka 'yanta ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugis, wanda bawa ne. Yana bin ta a titunan Madina yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa. Annabi (S.A.W) ya yi mamakin tsananin son da yake mata da tsananin ƙin da take masa, ya sa baki ko za ta koma. Ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto ne kawai yake yi, ta ce ba ta bukata, kuma aka bar ta a kan zaɓinta. Soyayyar bawa da 'yantacciyar baiwa, ga ta a cikin mafi ingancin littafi bayan Alƙur'ani. A hadisin Ummu Zar'in kuma, Nana A'isha (R.A) ta ba Annabi labarin mata goma sha ɗaya da kowace ta siffanta mijinta: mai rowa, mai duka, mai kyauta, mai sanyin hali, wanda ba ya kula. Ya saurara har ƙarshe. Gida goma sha ɗaya, babu biyu masu kama da juna.

An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar (R.A) yana zagayen dare ya ji wata mace tana kukan kewar mijinta da ya tafi yaƙi. Bai ce ta yi rashin kunya ba. Ya je ya tambayi 'yarsa Hafsa iya tsawon lokacin da mace za ta iya jurewa, ya sanya wa mayaƙa iyakar watannin da za su yi ba su dawo gida ba. Wannan ita ce matar ɗan cin rani ta zamaninsu. An ji ta, kuma jin ya canja doka. Tamu fa, wa ya ji ta?

INDA KYAMARA ZA TA TSAYA

To a nan ne dole in ja layi, domin wasu da sun ji an ce a nuna gaskiyar zaman aure sai su ce to a buɗe komai. A ƙasashen Turai da Amurka, kiran da ake yi na a nuna kowa ya haɗa har da nau'o'in alaƙar da shari'armu ba ta yarda da su ba, kuma nuna kusanci a wurinsu sau da yawa yana nufin tsiraici. Ba wannan nake kira gare shi ba, kuma duk mai karɓar tallafin shirya fim daga waje ya karanta sharuɗɗan da kyau kafin ya sa hannu.

Gidan Bahaushe da kansa ya koya mana tsarin. Akwai zaure, inda baƙo ke tsayawa ya yi sallama. Akwai tsakar gida, inda na jiki ke shiga da izini. Akwai ɗaki mai labule, wanda ko ɗan da aka haifa a gidan sai ya nemi izini a lokuta uku, kamar yadda Suratun Nur ta tsara a aya ta 58. Mai labari yana iya shiga har tsakar gida. A bakin labule zai tsaya. Muslim ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan miji ko matar da ke yaɗa sirrin shimfiɗarsu. Idan an hana ma'aurata na gaskiya, ina ga waɗanda ba muharraman juna ba, suna kwaikwayo a gaban duniya?

Kuma tsayawa a bakin labule ba ya rage wa labari komai. Suratu Yusuf ta kawo ƙissar mace da ta kulle ƙofofi ta nemi saurayi, amma yaro ɗan shekara bakwai yana haddace ta a allo, babu kalma ɗaya da za ta sa uwarsa ta sunkuyar da kai. Alƙur'ani da ya zo siffanta kusancin ma'aurata, da tufafi ya kwatanta su. Mu ma a al'adarmu so yana da harshensa. Matar da ba ta faɗin sunan mijinta har ta mutu. Magidancin da ke dawowa da dare da ɗan tsire a ƙunshe ya ajiye ba tare da ya ce komai ba. Tsohon da ya bar zuwa majalisa don matarsa na kwance, shi ke ɗebo mata ruwa yana ɓoyewa kada a gani. Uwar da ke kawar da kai daga ɗan farinta a gaban mutane, alhali ba ta barci in bai shigo ba. Wanda ya iya nuna waɗannan ya nuna kusancin da babu wata rawa a lambu da za ta kai shi.

Sutura kuma ba ta nufin a rufe zalunci. Dukan mata, hana abinci, sakin wulaƙanci, cinye gadon marayu, aurar da yarinya ga wanda take ƙi, duk ana iya nuna su domin a ƙyamace su. Annabi (S.A.W) ya warware auren Khansa'u 'yar Khizam da ubanta ya ɗaura ba da sonta ba. Shehu Usmanu a Nurul Albab ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Abin da aka hana shi ne tona asirin wani mutum sananne, da kuma nuna saɓo ta yadda zai yi wa mai kallo daɗi.

NASIHA

Ga matasanmu na Rabah da Wurno da Goronyo da ke ɗora gajerun wasanni a intanet: ku daina aron falon wani da Hausar wani. Ku yi da harshenku, a tsakar gidajenku, da izinin masu gidan. Kada ku ɗauki labarin wata bazawara ko wani ɗan gudun hijira yadda za a gane shi, ku ci kuɗi da hawayensa. Ku kai rubutunku wurin malami ya duba hukunce-hukuncen saki da idda da gado kafin ku ɗauka, domin kuskure a nan yana shiga gidaje ya zauna. Ku kiyaye iyakokin Allah a wurin ɗaukar kanta, kada a gyara labari a ɓata masu yin sa.

Ga 'yan'uwana malamai: a 2016 an yi niyyar gina ƙauyen shirya fina-finai a Kofa ta jihar Kano, malamai suka yi magana, gwamnatin tarayya ta janye. Amma fim bai tsaya ba, ya koma cikin waya, inda hannun hukuma ba ya kaiwa sosai. Hani kaɗai bai wadatar ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta ga matan karkara ba sa iya zuwa makaranta, ta tsara musu karatu a waƙe cikin harshen da suke ji, ta naɗa jajis suna kai musu har ƙauyukansu. Ba ina daidaita wannan da wancan ba ne, darasin da nake ɗauka shi ne ta san su wane ne ba a kaiwa gare su, ta neme su.

Ga masu kallo, mu duka: duk abin da ka danna, ka ƙara masa kasuwa. Idan aka yi wa gurgu ko baƙauye ko Bafulatani izgili ka yi dariya ka tura wa wasu, kana da kaso. Ka tambayi 'ya'yanka bayan sun gama kallo: wa aka nuna a nan, wa aka raina, kuma gaskiya ne haka maƙwabtanmu suke?

Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya mayar da 'yan gudun hijira garuruwansu cikin aminci, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya sanya ƙauna da jinƙai tsakanin ma'aurata, Ya tsare harsunanmu da idanunmu daga cin mutuncin bayinSa.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.